Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Jami'a Ciniki Tsakanin Al'adu da Manhajar Waya a Legas

Darasin tattaunawar ciniki ba ya koyuwa da allo da alli kaɗai. Ɗalibi zai haddace ma'anar kowace kalma, ya shiga jarrabawa ya ci, amma a tsayar da shi gaban mai shago a kasuwar Alaba ta Legas ya rasa ta inda zai ɓullo. Sai an yi cinikin ake iyawa. To, idan aji ya kai mutum 150, wanda ba baƙon abu ba ne a jami'o'in gwamnati, malami ɗaya ba shi da kunnen sauraron ciniki 75 a lokaci guda. A nan manhaja take shigowa, kuma aikinta uku ne: ta miƙa wa kowane ɓangare sirrinsa ba tare da ɗayan ya leƙa ba, ta adana abin da kowa ya faɗa da lokacin da ya faɗe shi, sannan ta jera sakamakon kowa a gaban aji. Duk wadda ta iya waɗannan ukun ta wadatar, ko da ta kyauta ce.

Bayanin nan na malamai ne da mataimakansu, a Akoka suke koyarwa, ko Ojo, ko Yaba, unguwannin da manyan makarantun Legas suke, a sashen kasuwanci, hulɗar ƙasa da ƙasa, shari'a ko aikin jarida. Tsarin zai ci kamar mako shida na zangon karatu. Malamin Legas kuwa yana da wani gata: al'adun da wasu ke karantawa a littafi suna zaune a ajinsa kujera kusa da kujera. Ga Bayarabiya 'yar Ikorodu, ga ɗan ƙabilar Ibo da ya tashi a shagon kawunsa a Ladipo, ga Bahaushe haifaffen Agege da yake jin Yarabanci kamar Hausa.

Fara da wayar da ke hannun ɗalibai

Kafin ka zaɓi kowace manhaja, buɗe Google Forms ka rubuta 'yan tambayoyi, ka tura mahaɗin a rukunin ajin. Wace irin waya yake riƙewa? Yana da kwamfuta? Data ta nawa yake iya saye a mako? Wane lokaci ake samun wuta a unguwarsu? Daga ina yake tasowa zuwa makaranta? Harshe nawa yake ji, kuma wanne zai iya yin ciniki da shi?

Kada ka raina amsoshin nan. Wanda ke tasowa daga Ikorodu zuwa Akoka, ko daga Agege zuwa Ojo, ƙarfe biyar na yamma yana cikin mota a cunkoso, don haka duk zaman kai tsaye da ka sa a wannan lokaci ka sa shi ne ga 'yan cikin makaranta kawai. Data ma ta yi tsada, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa na har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kiran bidiyo na awa ɗaya kan ci ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura giga guda. Saboda haka ka gina darasin a kan rubutu da saƙon murya, ka bar bidiyo sau ɗaya ko biyu a duk zangon. Jerin harsunan kuma ka adana shi, za ka neme shi a mako na huɗu.

Batun zaɓen manhaja ba ya buƙatar dogon tunani. Idan makarantarku tana da Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, yi amfani da shi: ana kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kuma akwai zaɓin da ke taƙaita fayil ga rukuni ɗaya tak. Idan babu, Google Classroom ya isa, domin yayin tura aiki yana ba ka damar zaɓar ɗaliban da za su gani maimakon ajin duka, kuma kana iya sa ranar da lokacin da aikin zai bayyana. Cinikin kansa a WhatsApp ko Telegram. Tattara sakamako a Google Forms, wanda ke zuba amsoshi kai tsaye a Google Sheets. Shi ke nan kayan aikin.

Rubuta cinikin da kanka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasari ake gajarta wa. Akwai labaran atisaye da ake saye daga cibiyoyin waje, irin shirin nazarin tattaunawa na Jami'ar Harvard da aka kafa a 1983, kuma an tsara su da kyau. Sai dai ana biyansu da dala, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin irin wancan ofis ba yakan ɓata rabin lokacinsa wajen gane labarin. Fara da abin da ya sani.

Ɗauki kasuwar Mile 12. Motar tumatir ta iso daga Kadawa ta jihar Kano, dillali yana da kwando 200 a hannunsa. Mai saye wata mata ce da ke kai wa otal-otal na Ikeja kayan miya. Za ka rubuta takarda uku. Ta farko kowa zai gani: wane ne wane, kaya nawa ne, me za a tattauna. Sauran biyun na sirri ne, kowacce kada ta wuce shafi ɗaya, don a iya karanta ta a fuskar waya. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne. Ka tambayi farashin da ake ciki a makon ka sa naka.

Takardar dillali: "Kaya sun kwana uku a hanya, na ƙasa sun fara laushi. Direba yana jiran kuɗin mota yau don ya juya. Idan wannan ciniki bai faɗa ba, masu sari za su kwashe gobe da safe a kan naira 38,000 kwando, don haka ƙasa da haka asara ce. Kana da masu kawo maka kaya duk mako, yin alkawarin kawowa ba zai yi maka wuya sosai ba."

Takardar mai saye: "Otal uku sun ba ki kwangilar wata uku. Abin da ke hana ki barci shi ne samun kaya duk mako ba yankewa. Kuɗi na nan a asusunki, kina iya turawa yau, amma kin saba biya bayan kwana bakwai. Wani dillalin ya yi miki 45,000, sai dai ba ya cika alkawari."

Ka lura kowa an faɗa masa mafitarsa idan ciniki ya watse. Wannan ita ce dabarar da Roger Fisher da William Ury suka yaɗa a 1981, cewa ƙarfin mai tattaunawa yana ga abin da zai koma wa idan ya tashi daga teburin. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa mai saye ke juya baya ya yi taku biyu ya ga ko za a kira shi.

Yanzu sai maki. Abubuwan tattaunawa huɗu ne: farashi, lokacin biya, wanda zai ɗauki asarar ruɓaɓɓe, da alkawarin kawo kaya duk mako. Kowane ɓangare maki 100, amma rabon ya bambanta. Dillali: farashi 40, lokacin biya 35, ruɓaɓɓe 15, alkawari 10. Mai saye: alkawari 40, farashi 30, ruɓaɓɓe 20, lokacin biya 10. Kowane abu ka yi masa zaɓi uku. A lokacin biya, idan yau ne dillali ya sami 35 mai saye ba ta sami komai ba. Bayan kwana uku 15 da 5. Bayan kwana bakwai sifili da 10. A alkawari, idan babu shi dillali ya sami 10 ita sifili. Na wata ɗaya 5 da 20. Na wata uku sifili da 40.

Yi lissafin ka ga inda darasin yake. Waɗanda suka ce "mu raba biyu" a kan waɗannan abubuwa biyu za su tashi da 20 da 25, jimla 45. Waɗanda suka yi tambaya har suka gane cewa shi kuɗin yau ne damuwarsa, ita kuma alkawari, za su yi musaya su tashi da 35 da 40, jimla 75. Kowa ya fi samu, kuma ba wanda ya cuci wani. Yawancin ɗalibai za su maƙale a kan farashi su manta da sauran, kuma haka ake so a zagayen farko.

Yadda za a shigar da al'ada ba tare da an mai da ita wasan kwaikwayo ba

Hanya mafi sauƙi, kuma mafi muni, ita ce ka rubuta a kati: "Kai Bahaushe ne, kana da haƙuri", "Ke Bayarabiya ce, kina da faɗa", "Kai ɗan Sin ne, ba ka cewa a'a". Aji zai yi dariya, wani ya kwaikwayi harshen wani, a tashi kowa ya ƙara riƙe abin da ya zo da shi daga gida. A gari irin Legas, inda ƙaramar magana a kasuwa kan koma ta ƙabila, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin da ya fi shi ne ka ƙirƙiri al'adu biyu da babu su a duniya. Dabarar tsohuwa ce. Wasan BaFa BaFa da Garry Shirts ya tsara a Amurka a shekarun 1970 a kanta aka gina shi. Kira su 'yan Tudu da 'yan Fadama. Ɗan Tudu ba ya ambaton farashi sai an yi musayar gaisuwa sau uku. Ba ya cewa a'a kai tsaye, sai dai ya ce "bari in yi shawara da maigida". A wurinsa magana ta isa, neman a rubuta zargi ne. Ɗan Fadama kuwa saƙonsa na farko shi ne abin da ya kawo shi. Shirun da ya wuce minti goma raini ne a wurinsa, kuma abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Kowa katin al'adarsa kawai zai gani, ba za ka ma faɗa musu cewa kati iri biyu ne ba.

Sai ka raba ajin yadda rabin masu ciniki za su haɗu da ɗan al'adarsu, rabi kuma da baƙo. Da wannan rabon za ka iya nuna musu a alƙalami abin da saɓanin al'ada ya jawo, tunda tumatirin ɗaya ne, makin ma ɗaya ne. Ke nan rukuni huɗu za ka buɗe a manhajar: dillalin Tudu, dillalin Fadama, mai sayen Tudu, mai sayen Fadama. Kowane rukuni ka ɗora masa fayilinsa. Kafin ka sake su, shiga da asusun ɗalibi na gwaji ka tabbatar ba ka ganin takardar wani rukunin. Idan sirri ya fita, atisayen ya mutu.

Nazarin masana kuma ka ajiye shi sai bayan an yi cinikin. A lokacin ne bayanin Edward Hall na 1976, kan al'ummomin da ke zuba komai cikin lafazi da waɗanda ke barin yanayi ya yi magana, zai shiga kunnensu, domin sun ɗanɗana. Ma'aunan Geert Hofstede, masu ba al'adar kowace ƙasa maki, ma ka kawo su, amma ka faɗi asalinsu: daga ma'aikatan kamfanin IBM aka tattaro su tsakanin 1967 da 1973, kuma da aka faɗaɗa su zuwa Afirka, an haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a ma'auni ɗaya. Kamar a zuba gero da wake da shinkafa a buhu guda ne a ce ka faɗi launin abin da ke ciki. Ka sa ɗalibai su nemo makin da ake ba Najeriya a intanet, ka tambaye su: na Mile 12 ne wannan, ko na Alaba, ko na Balogun? Muhawarar da za ta biyo baya ta fi lakcar awa biyu.

Ranar ciniki

Haɗa mutane da ƙuri'a, kada ka bari su zaɓi abokansu. A Google Sheets akwai zaɓin da ke yamutsa jerin sunaye, dannawa ɗaya ce. Kowane ciniki mutum uku: dillali, mai saye, da shaida. Shaida shi zai buɗe ƙaramin rukunin, ba ya sa baki, aikinsa lura. Kada matsayi ya bi ƙabila ko jinsi. Bahaushe ya zama mai saye ɗan Fadama, 'yar Ibo ta zama dillaliyar Tudu, duk daidai ne, ma ya fi.

Ba su awa 48. Wannan ya rufe matsalar wuta da cunkoso da sabis, kuma yana barin shiru ya yi aikinsa, wanda shi kansa wani yare ne a ciniki. Ka duba kalanda kada wa'adin ya cika lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi, cikin azumi kuma ka kauce wa dab da shan ruwa. Dokokin kaɗan ne: ba a tura hoton takardar sirri, ba a kiran waya a gefe, a kashe saƙonnin da ke ɓacewa da kansu, ba a goge saƙo, saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Harshe kuwa wanda suka ga dama, Turanci ko Buroka ko wani.

Wani abu da malamai maza kan manta: WhatsApp yana bayyana lambar waya. Ɗaliba za ta iya ƙin son lambarta ta faɗa hannun wanda ba ta sani ba, kuma tana da gaskiya. A Telegram ana iya ɓoye lamba, a Moodle kuma ana iya buɗe wa kowane mutum uku zauren da su kaɗai ke gani. Ba da zaɓi tun farko, kada ka jira sai an kawo ƙara. Haka nan ka sanar da su a rubuce cewa za a karanta hirarsu a aji bayan an cire sunaye, ka nemi amincewarsu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan, kuma ko ba doka mutunci ya ce a tambaya.

Da wa'adi ya cika, shaida zai fitar da hirar daga cikin manhajar. WhatsApp yana ba da ita a fayilin rubutu mai ɗauke da lokacin kowane saƙo. Saƙonnin murya ba sa fitowa a rubuce, don haka shaida ya taƙaita kowanne a layi ɗaya. Sannan kowane mai ciniki ya cike fom shi kaɗai: an daidaita ko ba a daidaita ba, a kan me, sai tambayoyi huɗu. Daga 1 zuwa 5, ya kake jin an mutunta ka? Za ka sake ciniki da shi? Me kake zaton ya fi damunsa cikin abubuwa huɗun? Wane saƙo ne ya fi ɓata maka rai?

Bitar da ke mai da wasa darasi

Idan lokacinka ya ƙure, rage komai amma kada ka rage wannan zaman. A daren da ya gabata, sa Sheets ya lissafa makin kowa, ka zana jadawalin ɗigo-ɗigo: makin dillali a kwance, na mai saye a tsaye, kowane ciniki ɗigo ɗaya. Ba 'yan al'ada ɗaya launi guda, waɗanda aka gauraya wani launin. Idan babu majigi ko an ɗauke wuta, tura hoton a rukunin aji kowa ya duba a wayarsa.

Kada ka fara da waɗanda suka yi fice. Fara da cinikin da ya watse alhali akwai tazarar naira 7,000 da za a iya haɗuwa a cikinta. Ɗora hirar a gaban kowa. Ga irin abin da za ka riƙa gani:

9:02, mai saye: "Nawa kwando, kuma yaushe za a sauke?"
9:31, dillali: "Barka da safiya, Hajiya. Ya gida, ya kasuwa?"
9:32, mai saye: "Lafiya. 40,000 zan biya, bayan kwana bakwai."
10:15, dillali: "Bari in yi shawara da maigida."
10:16, mai saye: "To, ina jira. Ka rubuto mini idan ya amince."

Daga nan ba wanda ya ƙara magana. A fom, shi ya rubuta cewa ko gaisuwa ba ta amsa da kyau ba, ta kuma nemi takarda kamar ta ɗauke shi maƙaryaci. Ita ta rubuta cewa yana ja mata rai, kuma har wa'adi ya cika tana jiran amsar maigida. Ba ta san an riga an ce mata a'a tun 10:15 ba. Karanta amsoshin biyu a jere, ka yi shiru, ka bar ajin ya yi magana. Sannan ka tambaya: a wane minti ne za a iya ceto wannan ciniki, kuma da wace jimla? Su rubuta jimlar a rukunin aji, a zaɓi uku a gwada su nan take da baki.

Bayan haka ka nuna amsar tambaya ta uku, wato hasashen abin da ya fi damun abokin ciniki. Sanya ta kusa da jimlar maki. Yawanci waɗanda suka canka daidai su ne a saman jadawalin, kuma idan aka koma hirarsu za a tarar sun yi tambaya kafin su yi tayi. Sai a ƙarshe ka bayyana katunan Tudu da Fadama. A nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce kakarsa 'yar Tudu ce sak, wata ta ce ita a gida 'yar Tudu ce a makaranta 'yar Fadama. Riƙe wannan maganar ta biyu da kyau, domin ita ce ke rushe zaton cewa ƙabila kati ce da ake manna wa mutum.

Zagayen tafinta, da zagayen ƙetare

A mako na huɗu ɗauko jerin harsunan nan. Haɗa mai jin Hausa da mai jin Yarabanci ko Ibo, ka sa musu tafinta mai jin duka biyun. Masu cinikin ba sa rukuni ɗaya. Kowa yana tura wa tafinta saƙon murya da harshensa, shi kuma ya isar. Daga baya a saurari abin da aka faɗa da abin da aka isar. Za a ji inda tafinta ya sassauta zafi, inda ya ƙara gishiri, da inda ya yanke hukunci da kansa ba a sa shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake cinikin shanu a Oko-Oba ya san mai shiga tsakani ba bututu ba ne, yana da la'adarsa da sunansa da yake karewa. Ka ba tafinta nasa makin a asirce, misali kashi kaɗan na farashi, ka ga yadda fassara za ta karkata.

Zagayen ƙetare yana buƙatar shiri tun kafin zango ya fara. Nemi malami ɗaya a wata ƙasa da ke koyar da irin darasinka, ku amince a kan labari ɗaya da fom ɗaya. Wannan salon haɗa azuzuwa ta intanet, da ake kira COIL, Jami'ar Jihar New York ce ta yi fice da shi, akwai kuma shirin X-Culture da aka fara a 2010, mai haɗa ɗaliban kasuwanci na ƙasashe daban-daban a aiki guda. Amma ba dole sai an tsallaka teku ba. Kwatano agogonsu ɗaya da Legas, ga Faransanci ga sefa, Akara kuma awa ɗaya take bayanmu. Tun da aka fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Janairun 2021, ɗalibinka zai fi yiwuwa ya zauna da ɗan Benin ko ɗan Gana kafin Bature.

Idan kana son labarin Sin, rubuta na ɗan kasuwar Alaba da ke odar faranti na sola daga Guangzhou. Sa masa abubuwan da ake fama da su da gaske: mafi ƙarancin adadin da masana'anta za ta yarda ta sayar, kafin alƙalami na kashi 30 da cikon 70 kafin a loda kaya, tazarar awa bakwai, da rufe masana'antu lokacin sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu. A nan ne ya dace a yi bidiyo sau ɗaya. Ka tuna Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, don haka ka raba su ɗaki-ɗaki cikin minti biyar na farko.

Atisayen mutum ɗaya

Tsakanin zagaye da zagaye, ba su abin da za su taɓa a cikin mota. Twine manhaja ce ta kyauta da ake rubuta labari mai rassa: mai shago ya ce kaza, ka zaɓi amsa ɗaya cikin uku, kowacce ta kai ka wani wuri. Tana fitar da fayil ɗaya da ke buɗewa ba tare da intanet ba, sai dai ka gwada shi a wayoyi biyu ko uku kafin ka raba. Masu Moodle suna da irin wannan a cikin H5P, kayan aikin da ake haɗa atisaye da shi a cikin Moodle. Mataki shida zuwa takwas ya isa. A ganina ma gara ka sa ɗaliban su rubuta labaran da kansu, bayan sun je sun yi hira da ɗan kasuwa na gaske a Mile 12 ko Balogun, da izininsa, ba lokacin da kasuwa ke ci ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da amfani wajen gwajin baki. Ɗalibi ya ba ta takardar dillali, ya ce ta riƙe matsayin kada ta sauka ƙasa da kaza, ya yi ciniki da ita. Gargaɗi biyu: tana saurin sallamawa idan aka matsa mata, kuma idan ka ce ta zama ɗan wata ƙabila sai ta kwaso duk zaton da ke yawo a intanet ta zuba maka. Ba ta ɗabi'u, kada ka ba ta sunan ƙabila. Kahoot kuma, wasan kacici-kacici na waya, ka bar shi don ɗumama aji na minti biyar. Yana ba mai saurin dannawa maki fiye da mai jinkiri, ke nan mai ƙarfin sabis yake sakawa, kada ya shiga sakamakon zango.

Maki da gyaran shekara mai zuwa

Idan ka ɗora sakamakon ɗalibi a kan makin da ya ci a ciniki, ka koya masa ƙarya da taurin kai, wasu kuma za su haɗa baki su raba. Ba shiri kashi 30: fom ɗin da zai cike kafin ciniki, mai nuna mafitarsa, tayinsa na farko da tambayoyi uku da zai yi. Ba sakamakon ciniki kashi 20, rabinsa ma daga amsar abokin cinikinsa kan ko zai sake hulɗa da shi. Sauran 50 na sharhi ne, shafi ɗaya, wanda dole ya kawo saƙo biyu daga hirarsa da lokacinsu ya faɗi abin da zai canza. Wannan sharaɗin yana hana kwafe, tunda hirar kowa daban ce.

Da zango ya ƙare, sauke Sheets ɗin ka cire sunaye ka adana, don 'yan baɗi su kwatanta jadawalinsu da na bana. Sannan ka canza alƙaluma da rabon maki, ka sauya wa Tudu da Fadama ɗabi'a ɗaya ko biyu, ka mai da tumatir albasa ko doya. 'Yan aji uku za su ba 'yan aji biyu takardun sirrin tun kafin ka buɗe rajista.